Faifan da Inna Ta Ɓoye a Adaka

A Yalwawa, cikin garin Dutse, akwai wani ɗan zauren nuni da wasu malaman zane suka buɗe. Duk bayan 'yan watanni sai su zaɓi take guda, kowa ya kawo abin da hannunsa ya yi. An yi na rijiya, an yi na duwatsun gari. Ni dai ɗan kallo ne, nakan biya in na taso daga sakatariya. Da aka ce take na gaba shi ne kayan ɗakin iyayenmu mata, sai na yi abin da har yau ban sani ba ko ƙauna ce ko rashin kunya. Na je ƙauyenmu ta wajen Garki, na ɗauko faifan da Inna, mahaifiyata, ta ɓoye a ƙasan adaka.

Inna gwanar faifai ce, babu amaryar da aka yi wa jere a ƙauyenmu ba da aikinta ba. Da idonta ya fara hazo sai ta sa ƙanwata ta ɗaure mata rinanniyar kaba, ja ƙulli ɗaya, koriya biyu, baƙa uku, don ta gane launi da taɓi, ta saƙa faifai guda da lalube. Da ta gama ta ce ta san cike yake da kuskure. Ta rufe shi, ta ajiye basilla, shekara biyu ba ta sake taɓa kaba ba.

Da labari ya kai mata, a waya ta ce, "Kai wannan, asirina ka kai birni ka tona?"

Ranar buɗewa Inna ta zo Dutse, ba don kallo ba, don ta karɓe kayanta kafin mata su gani. Mata ba sa yarda da fuskar faifai. Juya shi suke yi su bi bayansa da babban yatsa, don a nan ake ɓoye bakin kaba, a nan ake gane gwana.

Muna shiga na kasa gaba. Ƙorai masu zane, tuluna, tabarmi, ludayi, duk abin da na tashi ina tsallakewa a tsakar gida, ga shi an jera a farin bango, fitila na haska kowanne. Ashe a cikin irin wannan kyau aka raine mu, mu muna ta neman tuwo.

Amma an riga mu. Wata tsohuwa ta tsaya gaban faifan Inna. An rubuta a kalla da ido kawai, ita kuwa ina ruwanta, ta zare shi daga ƙusa. Inna ta damƙe hannuna har na ji zafi.

Ɗaya daga cikin malaman ya rugo. "Iya, don Allah ba a taɓawa."

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta juya faifan, ta shafa, ta sake juyawa, ta matsa kusa da fitila. Can ta ce, "Malam, ai a baibai kuka rataye shi. Bayansa kuke nuna wa mutane."

Ya ce su uku suka duba, ba su ga bambanci ba.

"Ni ma sai da na juya sau uku, kuma a wannan aikin na tsufa. Wace ce mai hannun nan?"

Inna ta sunkuyar da kai. Ni na nuna ta. Tsohuwar ta zo ta ɗora mata faifan a tafin hannu ta ce, "Yaya, Allah ya yi miki baiwa." Inna ta daɗe tana bin bayansa da yatsa, layi bayan layi, ina kallon hawayenta. Sannan ta miƙa wa malamin, ta ce ya mayar yadda ya rataye shi.

Ni da Inna muka hau adaidaita, hanyarmu ta zuwa tasha. Sai da muka kusa kasuwa ta taɓa ni.

"Ce masa ya tsaya, kaba zan saya. Kai kuma ban yafe maka ba tukuna."