Seu Aristides, Mai Barin Hanya Jikin Bango

Ƙarfe goma na safe Seu Aristides, wato Malam Aristides, yake fito da teburan gidan abincin Nivaldo. Guda shida ne, na ƙarfe, masu naɗewa. Yakan share dakalin masu tafiya a ƙafa tukuna, sannan ya jera su can bakin kwalta, ya bar jikin bango fayau. In ya gama sai ya bi bangon daga wannan kusurwa zuwa waccan yana shafa shi da hannu. Ranar Asabar mai zuwa zai yi wannan aiki karo na ƙarshe, bayan shekara talatin da ɗaya yana kai wa mutane wake da shinkafa.

Shekara goma sha huɗu ke nan da hukumar garinmu ta yarda gidajen abinci su riƙa ba mutane giya a teburan waje. Sharaɗin ɗaya ne, a bar wa masu wucewa mita ɗaya da rabi. Gidaje biyar na layinmu duk suka manna teburansu da bango, inda inuwar rumfa take, suka bar hanyar ta wajen kwalta. An auna, an ga daidai ne.

Ba wanda ya tuna da Dona Zuleica, makauniyar da ke amsa waya a asibitin unguwa. Shekara ashirin tana zuwa tashar bas ita kaɗai, sandarta na bin bango. Wajen kwaltar kuwa turakun lantarki ne da saiwoyin bishiya. A makon farko ta ci karo da tebur a ƙofar Nivaldo, kwalabe suka fashe, giya ta jiƙa mata siket. Mutane suka yi ta ba ta haƙuri. Ta juya gida. Kwana uku ba ta je aiki ba, 'yarta kuma ta fara maganar ta ajiye aikin ta koma wajenta a birni.

Aristides ne ya kwashe fasassun kwalaben. Washegari mai sayar da jarida ya gan shi ya rufe ido, riƙe da sandar tsintsiya, yana bin hanyar da aka bari. Sau biyu ya buga goshi da turke. Ya buɗe ido, ya fara jan tebura.

"Kai Aristides, rana za ka gasa min mutane?" in ji Nivaldo daga bayan kanta.

"Akwai lema huɗu a sito, maigida. Tun bikin 'yarka suke kwance."

"In suka gudu gidan abincin Tonico fa?"

"Wanda ya ɗanɗana waken Tonico da ƙafarsa zai dawo."

Da yamma Aristides ya je ya ƙwanƙwasa ƙofar Dona Zuleica, ya ce ta zo ta gwada. Ta ce gida ɗaya ba layi ba ne, saura huɗu. Ya ce ya ji.

Wata biyu ya yi yana bin sauran. Bai kai ƙarar kowa ba. Yakan je lokacin da suke fito da kaya, ya kama musu, ya ajiye teburin inda yake so, ya tsaya hira. Tonico ne ya fi taurin kai. Sai da Aristides ya miƙa masa sandar tsintsiyar a gaban masu cin abincinsa, ya ce, "Rufe ido ka kai tasha, in ka isa lafiya ba zan ƙara yi maka magana ba." Tonico bai kai turke na biyu ba, ya dawo ya janye teburansa daga bango. A tsawon watannin nan, Aristides yakan raka Dona Zuleica tasha kowace safiya, ita kuwa tana yi masa mita cewa ba ɗan rakiya take nema ba, hanyarta take nema.

Jera tebur abu ne mai sauƙi. Wahalar tana wajen kujeru, domin mai shan giya, in hira ta yi daɗi, baya yake ja. A nan ne muka san halinka, Aristides. Kai ne mai tsayawa da kwalba mai sanyi a hannu ɗaya, mabuɗi a ɗayan, ba ka buɗewa sai ƙafar kujera ta koma wurinta. Ba ka taɓa ɗaga murya ba. Na ga ranar da wani lauya mai ƙaton ciki ya ce maka, "Malam, taku ɗaya ne fa." Ka ce, "Taku ɗaya ne, ranka ya daɗe, shi ya sa ba zai yi maka wuya ba." Abokansa suka yi ta yi masa dariya, ya ja kujerar.

Ni malamar makaranta ce, na kuma san bambancin wanda ya haddace doka da wanda ya gane dalilinta. Masu tura keken jarirai da tsofaffi masu dogara sanda duk sun ci moriyar wannan hanya, yawancinsu ba su san wanda ya buɗe ta ba.

Dona Zuleica ba ta koma birni ba. Ta yi aikinta har lokacin ritayarta ya yi, shekara uku da suka wuce. Da na gaya mata zan rubuta wannan, na tambaye ta me zan ce a madadinta. Ta ce, "Ki rubuta cewa shekara goma sha huɗu ina wucewa ta ƙofarsa, sandata ba ta taɓa komai ba sai bango."

Mun gode, Seu Aristides. Allah ya ba ka hutu mai daɗi da lafiyar gwiwa. Mu kuma da za mu ci gaba da zama a teburan nan, daga ranar Litinin babu mai tsaya mana a kai da mabuɗi. Kowa ya waiga ya duba ƙafar kujerarsa da kansa.