Kawu Idi da Masana'antarsa

Kun dai san Kawu Idi, Allah ya jiƙansa. Kana cewa "kamfani" a gabansa, zai ɗaga yatsa.

"Kamfani na masu takarda ne da kujera mai juyi. Inda inji ke kuka, hayaƙi na tashi, auduga ta shiga ta fito atamfa, wannan sunansa masana'anta!"

Tun yana saurayi yake aiki a wata masaƙa a Kano. Da zamanin tsuke bakin aljihu ya zo aka garƙame ta, ya tattaro ya dawo mana Getso ya kama noma. Jikinsa ne dai ya dawo.

Matarsa, Inna Dije, ta fara yin ƙuli-ƙuli don su samu na cefane. Nan take ya raɗa wa madafinta suna masana'anta, ya kuma naɗa kansa foman, wato shugaban ma'aikata.

Ta ce, "Malam, wane irin foman ne wannan, ba suya, ba matsa, sai ɗanɗano?"

Ya ce, "Dije, a Kano ma abin da foman ke yi ke nan."

Kai, Kawu! Ko liman bai tsira ba. Lokacin da aka ƙaddamar da Shari'a, liman na wa'azi ya ce za a rufe kamfanonin giya. Sai muka ji murya daga sahun baya: "Allah gafarta Malam, masana'antu."

Liman ya ce, "To Idi, ko mene ne sunansu, ai haramun ne."

"Haramun ne ƙwarai. Amma a rufe su da sunansu na gaskiya."

Da ciwo ya kama shi, ni na kai shi asibiti Kano. Da za mu dawo ya nace sai mun biya ta tsohon wurin aikinsa. Muka tarar ciyawa ta cinye harabar, ana sauke dilolin atamfar waje a ciki. Mai gadi ya ce, "Baba, nan sito ne."

Kawu ya dafa bangon, ya daɗe a tsaye.

"Da can ne ka zo, Sani," ya ce mini, "da sai na yi ihu kafin ka ji maganata."

Muka kamo hanyar gida. Damina ba ta ƙare ba ya rasu.

Allah ya haskaka kabarinka, Kawu, ya sa ka huta. Amin.