Gidan da Bindiga Za Ta Kwana

Shekarar da muka tare a sabon gidanmu na unguwar Gidan Dare, yarona na fari bai daɗe da fara tafiya ba. Zamanin soja ne, kuɗi sun shigo gari, kowa na ta da ginin siminti. Maigidana fataucin hatsi yake yi, kuma gida uku yake kira nasa. Akwai na mahaifinsa a Ƙofar Rini, inda ɗakinsa yake tun yana saurayi, da wannan da ya ajiye ni, sai wani na ƙasa a ƙauye da yake sauka idan kaka ta yi yana sayen gero.

A gidansu, muddin tsoho na da rai, 'ya'yansa maza a zaurensa suke cin tuwo. Kowace mace ta tuƙa nata a kai can. Kafin magariba na gama, maigida ya sa akushi a mota, ni da ganinsa sai bayan isha'i.

Rannan ya ce daga yau a nan zai riƙa ci, in ƙara gari don maƙwabta za su zauna da shi a zaure. Ya kamata in yi murna, amma sai na sa masa ido. Mutumin da bai san limamin unguwarmu ba, sai ga shi a sahun gaba har da asuba. Ya kai wa mai unguwa goro. Ya kwaso manyan rigunansa daga Ƙofar Rini, wankakku tas, ya ce in sake wankewa in shanya a igiyar da ake hangowa ta kan katanga. Ina shanya ina tunani. Ko sun ɓata da Baba, mahaifinsa, ne? Ko wani abu ya taɓo a hanya yake neman masu shaidarsa? Na tambaye shi, ya ce in ji da tuwona.

Bayan 'yan kwanaki matar tela, maƙwabciyata, ta leƙo ta katanga. Ta ce wani mutum ya zo wurin mijinta, riga irin ta kowa amma baƙin takalmi mai sheƙi irin na 'yan sanda. Ya tambayi inda maigidana yake kwana, inda yake cin abinci, inda yake salla, har inda ya yanka ragon layya. Tela ya ce tuwo dai tare suke ci, rago kuwa bai gani ba. Lokacin nan ana ɗaure 'yan fashi a jikin durom a harbe su a gaban jama'a, kowa ya ji ɗan sanda na tambayar nasa, sai ya tsorata. Ranar miyata ba ta ga gishiri ba.

Da ya dawo na tsaya bakin ƙofar ɗaki da yaro a baya, na ce ba zan matsa ba sai ya gaya mini. Ya yi dariya, ya kira ni sarauniyar tsoro, sannan ya faɗa. Lasisin bindiga yake nema, don an soma tare motocin hatsi a hanyar ƙauye. Hukuma kuma ba ta ba mai gida uku sai ta tabbatar da wanda yake zaune a ciki na gaskiya, don a nan bindigar za ta zauna. Ya ce musu Gidan Dare, saboda ya san Baba ba zai so jin zancen ba.

Na ce, "To ina za ta kwana?"

Ya ce, "Ƙarƙashin gado mana. Mi za ta yi miki?"

Ƙarƙashin gado nan ne fadar yaron. A nan na taɓa zaro shi da reza a hannu. Babu kwano ko adakar da bai buɗe ba a ɗakin. Na gaya masa haka, ya ce ai ba a barin harsashi a ciki. Na ce ranar da aka dawo a gajiye aka manta fa? Ya ce Allah ke tsarewa, kuma kada maganar ta wuce ɗakin nan.

Ana haka sai ga Inna, mahaifiyarsa, wadda ba ta cika fita ba. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa a daƙile. Ta dubi rigunan da ke igiya ta daɗe. Ta ce a Ƙofar Rini ana cewa na riƙe mata ɗa, Baba kuma kullum sai ya dubi gurbin akushina. Ta tambayi abin da suka yi mini.

Yaron kuwa ya sulale daga cinyarta ya shige ƙarƙashin gado, sai tafin ƙafarsa nake gani.

Na ce, "Inna, ni ban riƙe kowa ba. Ku tambaye shi abin da yak kai shi wurin 'yan sanda."

Ta ja mayafinta ta tafi.

Washegari Baba ya aiko kiransa. Abin da aka yi a can daga baya na ji a bakin Inna. Tsohon bai hana bindigar ba, don shi ma ya san hanyar. Ya dai ce ɗansa ɗan Ƙofar Rini ne, a can aka yanka ragon sunansa, a can yake layya, kuma ba za a gaya wa hukuma wani abu daban ba yana raye. Bindiga a ɗakinsa shi Baba za ta zauna, makulli a aljihunsa. Dole maigida ya koma ya gyara maganarsa, aka faro binciken daga farko, mai baƙin takalmi ya koma yi wa mutanen Ƙofar Rini tambayoyi. Sai da damina ta wuce lasisin ya fito. Duk tsawon lokacin gaisuwa kaɗai ke haɗa ni da maigida, ita ma a gajarce.

Ban taɓa ganin bindigar da idona ba. Ka'idar Baba ita ce idan za a tafi ƙauye a biya a karɓa, idan an dawo a fara ajiye ta kafin a wuto gida. Maigida ya ce haka yake yi, Inna ma ta ce haka ne. Amma na san shi da son gajeriyar hanya, kuma daga ƙauye gidanmu ake fara isowa. Don haka duk ranar da ya dawo daga tafiya, yana shiga wanka nake goya yaron, in ɗauki doguwar tsintsiya in zura ƙarƙashin gado, in bi bayan adaka, in taka turmi in shafa kan katanga. Sai na gama nake sauke shi.