Gaisuwar da Aka Ba Ni a Istanbul

Ni mutum ne mai mantuwa, wannan kowa a gidanmu ya shaida. Makulli, waya, alkawarin zuwa walima, duk sun sha bin ruwa a hannuna. Amma akwai abu guda da ya same ni shekarun baya, wanda ko na tsufa na ruɗe ba na jin zai fita daga raina, kuma wannan halin nawa ne ya jawo shi.

A Madina aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina. Kakana ne ya taso daga ƙasar Kano a ƙafa, ya ratso Cadi da Sudan yana ƙodago a hanya, sai da ya shekara bakwai kafin ya ga koriyar ƙubbar nan ta masallacin Manzon Allah da idonsa. Da ya gan ta kuma ya ce shi kam ya iso, ba inda za shi. Gidanmu yana Ranuna, kusa da Ƙuba, minti ashirin a mota zuwa Harami in babu cunkoso. A lokacin ina aiki a matatar mai a Yanbu, sai ƙarshen mako nake zuwa gida, in zo a gajiye in baje. Sallata a masallacin unguwa nake yi. Ziyarar Manzon Allah kuwa, kunya ba za ta bar ni in faɗi tsawon lokacin da na ɗauka ban je ba. Kullum cewa nake ai Harami yana nan, wani makon na je.

Wata shekara na samu hutu, sai ni da ɗan kawuna, abokin wasana, muka shirya zuwa Istanbul na mako guda. Kada mai karatu ya yi mana mugun zato, ba wata ɓarna muka je yi ba, giya ba ta taɓa shiga bakinmu ba. Garin da ba wanda ya san ubanmu kawai muke nema. A unguwarmu in ka zauna gidan shayi bayan isha, kafin ka dawo gida labarin abin da ka sha da wanda kuka zauna da shi ya riga ka zuwa wurin Umma.

Ranar da muka sauka, a otal aka ba mu wata takarda mai sheƙi cike da hotuna, an jera wuraren da baƙo zai je da dare. Ga jirgin ruwa da ake cin abinci a ciki ana kiɗa ana rawa. Ga gidajen abinci a saman benaye inda kake hango gari gaba ɗaya da fitilunsa. Ga wuraren shisha, ga wani dogon titi da jama'a ba sa ƙarewa a cikinsa da ɗan jan jirgin ƙasansa mai ƙararrawa, ga masu zikiri cikin fararen riguna da ke juyi, ga lambunan shayi a bakin ruwa. Ɗan kawuna ya zaro biro ya shiga yi wa wuraren alama, dare bakwai, wuri bakwai, sai ka ce mai tsara jarrabawa. Ya miƙo mini takardar da biron ya ce in riƙe, in kuma na yar da su ya yar da ni a ruwa.

Daren farko muka hau wani saman bene muka ce a kawo shisha. Mai kawo abinci ya tambaye mu daga ina, ɗan kawuna da bakinsa da ba ya shiru ya ce Madina. Shi ke nan! Mutumin ya ɗora hannu a ƙirji, ya juya ya rage kiɗa, ya kira mai wurin, mai wurin ya kira mahaifinsa daga ƙasa. Kowa sai ce mana yake hoja, wato malam. Shishar da muka nema har muka tashi ba ta zo ba, shayi da kayan zaƙi aka yi ta jera mana, ƙarshe aka ce mu yi musu addu'a. Haka muka ɗaga hannu muna addu'a a wurin da muka je busa hayaƙi. Muna saukowa na ce masa, "Wallahi in ka sake cewa Madina sai na toshe bakin nan naka. Daga yau mu mutanen Jidda ne." Ya ce, "Halas, shi ke nan, ya hoja," yana ƙyalƙyala dariya.

Dabarar kuwa ta yi aiki. Dare biyu muka yi muna mutanen Jidda, ba wanda ya rage mana kiɗa, ba wanda ya nemi addu'armu. Muka bi dogon titin nan kai da ƙafa, muka ci gasasshiyar masara, muka tsaya kallon masu kamun kifi a kan gada. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Dare na huɗu na jirgin ruwa ne. Muka isa tasha da wuri, bayan magariba kaɗan, ga iska mai sanyi tana tasowa daga ruwa. Ɗan kawuna ya tafi tabbatar da tikitinmu, ni kuma na zauna a kan wani benci na ƙudundune cikin jaket. A gefena akwai wani dattijo da flas ɗin shayi, gabansa kuma matarsa a keken marasa lafiya, an lulluɓe mata ƙafafu da bargo. Ta rame ƙwarai, idonta yana kan ruwa. Dattijon ya ga ina rawar sanyi, sai ya zuba shayi a ɗan ƙaramin kofi ya miƙo mini. Sannan ya tambaye ni daga ina, da wani Larabci na littafi, guntu-guntu, irin na wanda ya koya a makarantar allo.

Na buɗe baki zan ce Jidda. Sai na dubi furfurarsa, na dubi shayinsa a hannuna, ƙaryar ta ƙi fitowa. Na ce Madina.

Ya juya ya faɗa wa matar da yarensu. Baiwar Allah nan ta ɗago kai a hankali ta dube ni, ta miƙo hannu ta kama gefen jaket ɗina ta shafa a fuskarta. Na so ƙasa ta tsage in shige, don ni na san inda jaket ɗin nan ta kwana biyu tana yawo. Dattijon ya yi mini bayani da kalmominsa 'yan kaɗan da nunin hannu. Shekara da shekaru suna sa suna a ƙuri'ar aikin Hajji ba ta faɗo kansu ba. Suna cikin shirin Umra ciwo ya kwantar da ita, yanzu kuma likita ya ce ba za ta iya hawa jirgin sama ba. Kowace yamma yakan turo ta nan ta sha iska. Abu ɗaya take roƙo: in na koma, in tsaya gaban Manzon Allah in ce wance 'yar wane tana gaishe ka.

Na ce ai wannan abu ne mai sauƙi. Ba ni da wata takarda sai ta otal, na juya bayanta na ba shi biro, ya rubuta sunanta da na mahaifinta a hankali. Ta sa ya tambaye ni yaushe zan koma. Na ce Alhamis. Ta lissafa da yatsunta, ta yi murmushi ta ce Juma'a ke nan. Na ce in sha Allah, Juma'a. Ban ma tsaya na karanta sunan da kyau ba, na ninke na cusa a aljihun ciki saboda ɗan kawuna yana can yana ɗago mini hannu jirgi zai tashi.

A jirgin aka ci aka sha, aka yi kiɗa, fitilun gada suna sauya launi a saman kanmu. Da na ba ɗan kawuna labari ya ce, "Kai da ka hana ni cewa Madina? To sannu, ɗan aike." Muka yi dariya, muka ƙarasa kwanakinmu, muka dawo.

Juma'ar nan barci na yi har rana ta take, na ruga masallacin unguwa. Asabar na koma Yanbu. Mako na gaba baƙi suka zo mana daga Khaibar, na gaba kuma na ce cunkoso ya yi yawa, bari masu Umra su ragu. Ba wai na manta gaba ɗaya ba ne, abin yakan faɗo mini a hanyar Yanbu, in ce wannan makon kam ba fashi. Wasa-wasa sai ga wata uku.

Da sanyi ya shigo Madina, Umma ta fito da kayan sanyinmu, har da jaket ɗin nan, ta zuba a injin wanki. Wata safiyar Juma'a ta kira ni falo. Ga takardar nan a kan tebur ta bushe ta kanannaɗe, hotunan suna nan raɗau, jirgin ruwa, masu rawa, komai. Ta nuna da yatsa ta ce, "Ya waladi, ɗana, yawon da kuka je yi ke nan?" Ni ba hotunan ne suka dame ni ba. Na wawuri takardar na juya bayanta. Babu komai sai wani shuɗin dabbare inda rubutun yake a da.

Na rufe ido ina neman sunan a kaina, ko harafin farko bai zo ba. Na kira ɗan kawuna, ya ce ai shi bai ma ga rubutun ba. Ba ni da lambar dattijon, ban san unguwarsu ba. Dole na zauna na kwashe labarin duka na faɗa wa Umma.

Sai na fara neman mafita, na ce, "Umma, ai na ji wani malami a jami'a yana cewa ba sai an aiko ba, kowa ya yi salati daga inda yake yana isa."

Ta ce, "Gaskiya ya faɗa. Ka gaya mata haka a lokacin?"

Na ce a'a.

"Me ka ce mata?"

"Na ce Juma'a."

"To alkawari kaya ne, kai ka ɗauka ba malamin ba. Kakanka shekara bakwai ya yi a hanya don ya kawo tasa gaisuwar da bakinsa. Kai an ba ka ta minti ashirin ka kai wata uku. Aib, wallahi aib." Ta miƙe ta ɗauko abayarta. "Yalla, tashi. Yau ma Juma'a ce."

Na ce, "Umma, in je in ce wa? Sunan ya tafi."

Ta ce, "A wurinka ya tafi. Allah bai manta sunanta ba."

Ni na tuƙa mu har muka isa Harami. Ta zauna a farfajiya ƙarƙashin lema ta ce tana jirana. Na shiga layin masu sallama, mutane daga ko'ina a duniya, wasu suna kuka tun daga ƙofa, ni ɗan gari ina tafe kamar wanda ya yi sata. Wurin ba a tsayawa, masu gadi suna ta cewa a wuce, a wuce. Da na zo daidai gaban kabarin na yi sallamata da Larabci kamar yadda aka koya mana tun muna yara, sai na zo kan saƙon tsohuwar. Abin da ya fito da Hausa ya fito, yaren da nake yi wa Umma magana in na yi laifi. Na ce, ya Manzon Allah, wata tsohuwa mara lafiya a Istanbul, wadda mijinta ke kai ta bakin ruwa da yamma, tana gaishe ka. Ta ba ni sunanta, ni na ɓatar. Laifin jinkirin nawa ne, ba nata ba, ita tun wata uku ta aiko.

Hawaye ya ɓalle mini, mai gadi ya dafa kafaɗata ya tura ni gaba a hankali. Na fito na samu Umma, ta dubi fuskata, ta ce mu nemi sahu kafin wuri ya cika.

Bayan shekara biyu na sake zuwa Istanbul da matata. Yamma uku ina zuwa bencin nan bayan magariba ina zama, ban ga dattijon ba, ban ga keken ba. Har yau ban sani ba ko gaisuwarta ta isa tana da rai, kuma wannan ne ke cina.

Hausawa suka ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani yau da gobe. Ni'imar da wasu ke mutuwa da begenta tana bayan gidanmu, na mai da ita abin wani makon. Tun daga ranar ba na barin Juma'a ta wuce ina Madina ban je ba, kuma duk wanda ya ba ni saƙo, a ranar nake kai shi ko in ce masa ba zan iya ba tun yana gabana. Takardar tana nan a cikin durowata. Duk zuwan da na yi, bayan tawa sallamar nakan ƙara da tata, ba suna, kuma haka zan yi ta yi har ranar da wani zai kai tawa.