Abin da Bala ya sa a kwantiraginsa

Jiya ina mayar da Bala gida daga atisaye, na ga yana ta shafa sabon kwantiraginsa. Ni direban kulob ɗinsu na ƙwallon ƙafa ne a Riyadh, shi mai tsaron baya ne, ɗan Zariya.

An ɗaga iyakar albashin 'yan wasa, kowa ya ruga neman ƙari.

Na ce, "Ƙanena, nawa suka ƙara maka?"

Ya ce, "Ko riyal, Yaya. Na ce su bar kuɗin, su rubuta za su kawo min Inna. Shekara uku ta waya take min addu'a kafin wasa. Hannunta nake so a kaina."

Sai da na faka gefen titi. Tawa Innar ta rasu ina unguwar Batha nan Riyadh, a layin aika mata kuɗi.

'Yan uwa na nesa, yaushe rabonku da hannun uwa?