Ba Akuyar Baba Sanda Ba Ce, Anti Haula

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Talata, 13 ga Mayu, 2025, Allah Ya karɓi ran maƙwabciyarmu Anti Haula, matar Malam Ndanusa mai sassaƙa hatimi, a gidansu da ke Ketaren Gwari, bayan jinyar mako uku. Ta bar 'ya ɗaya, Yasmin, mai shekara huɗu.

Anti, akwai abin da na daɗe ban faɗa wa kowa ba, ko Ummata. Ba akuyar maƙwabcinmu Baba Sanda ce ta ci bakin zanenki shuɗi ba. Ni ce na yanka.

Shekarar da na gama firamare na fara leƙen ki ta katanga. Kina zaune a tabarma da gwangwanin biskit cike da hatiman roba, waɗanda kike zanawa Malam ya sassaƙa miki a shagonsa na Bosso. Kowane hatimi 'yar tsana ce 'yar gayu: wata ta riƙe ƙugu, wata ta rataya jaka, wata kamar za ta juya ta tafi. Sai ki danna a tawada, ki buga a farin kwali, ki ɗauko ƙyallayen da kike tsintowa wajen teloli, ki yanka mata riga da zane, ki manna da gam. Bayanta kuma ki shimfiɗa tsohuwar jarida da kika jiƙa da ruwan shayi, ko takardar buhun siminti, ko busasshen furen zogale. Kwana tara ina leƙe. A na goma kika ce, ba tare da kin ɗago kai ba, "Mai katanga, zagayo ki riƙe mini almakashi, wuyanki zai ƙage."

Ba ki taɓa matsa mini in yi magana ba. Kowa cewa yake ni Amatullah bebiya ce, ke kuwa kika ce hannuna yana da surutu, ya isa. Ranar da na danna hatimi da ƙarfi tawada ta malale, na fara hawaye, sai kika yago ƙyallen leshi kika rufe wurin, kika ce, "Ga shi nan, ta samu mayafi. A wannan aikin ba a jefar da kuskure, sutura ake yi masa."

'Yan tsanarki ba su da fuska. Da na tambaye ki cikin raɗa, kika ce fuska ta Allah ce, mu tufafi ne namu. Shi ya sa ƙa'idarki ɗaya ce: duk wadda za a ba kati, da ƙyallen kayanta ake yi wa 'yar tsanar sutura. Haka Hadassah, ɗalibar da ta zo daga Bosso, ta buɗe katin da ƙawayenta suka sa kika yi mata, ta ga atamfar da ta saka ranar bikin yayarta, ta yi ihu, "Wallahi ni ce wannan!"

Ni ma na so in yi miki naki. Amma sai da ƙyallenki, kuma bakina ya kasa roƙo. Ran nan kin shanya zanen nan shuɗi mai zanen ganye, kin shiga ciki, na sa almakashi na yanki kamar faɗin yatsu uku. Da kika gani kika ɗaga murya, "Akuyar Baba Sanda ta sake shigowa!" Aka ɗaure baiwar Allah mako guda tana kuka, ni ina jin ta daga ɗakinmu.

Na yi katin. Ƙyallen ya isa riga da zane, bai isa ɗankwali ba, sai 'yar tsanar ta zauna kai a buɗe. Na kasa ba ki, don da kin gani za ki san wace ce akuyar. Da kika kwanta ciwo, sau uku ina zuwa bakin ƙofarki da shi a cikin hijabina, in gaishe ki, in juya. Na ce sai kin warke.

Ranar addu'ar bakwai Malam Ndanusa ya aiko a kira ni. Ya miƙo mini gwangwanin biskit ɗin, ya ce, "Antinki ta ce naki ne. Ta ce ki duba ƙasa." A ƙarƙashin hatiman na sami 'yar ambulan. A ciki akwai ƙyallen zanen nan shuɗi, an yanke shi daidai ɗaurin kan 'yar tsana, da rubutunki a bayan ambulan ɗin: "Na ɗankwali. Akuya ba ta yanka a miƙe."

Ashe kin sani tun ranar. Kika ɗora wa akuya don kada a tambaye ni. Kika zauna kina jiran in kawo, ni kuma ina tsaye a bayan ƙofa. Anti, da na san jira kike yi. Har yanzu in la'asar ta yi sai in ji kamar ƙarar almakashinki ta katanga, in miƙe, sannan in tuna.

Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki, Ya suturta ki kamar yadda kika suturta ni. Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Ndanusa, da mahaifiyarki da 'yan uwanki na Gwada, da dukan matan layinmu. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya raya Yasmin cikin albarka.

Jiya na manna ɗankwalin. Na so in ɓoye katin a akwatina, amma na fasa. An raba kayanki sadaka, zanen ma ya tafi, kuma Yasmin ba za ta daɗe tana tuna shi ba. Na je na ba Baba Sanda haƙuri da bakina, ya yi ta dariya. Gobe zan kai wa Yasmin katin, in ce mata wannan Mamanta ce. In ta kai riƙe almakashi, ba zan jira ta leƙo ta katanga ba. Ni zan je in kira ta.

Amatullah Badaru,
Ketaren Gwari, Minna.