Ku Kau da 'Ya'yanku

Ƙarar ruwa ce ta mayar da ni gida. Wani abokin aikina a Jebel Ali, nan ƙasar Larabawa, mutumin tsibiran Karibiyan, ya nuna mini fim ɗin da ƙanwarsa ta ɗauka a ƙauyensu. Babu labari a ciki. Kyamara ta tsaya cak a kan wani rimi, har na fara gajiya. Sai wata tsohuwa ta fito da kwano, ta yi magana, ta dakata, sannan ta watsa ruwan. Ya ce gargaɗi take yi wa waɗanda ba a gani.

Mai karatu, tamkar kakata ke nan. Ba ta taɓa zubar da ruwan zafi a bakin rariya ba sai ta ce, "Mutanen ɓoye, ku kau da 'ya'yanku."

Daminar da babana ya dawo daga karatu a gabas, ya durƙusa ya ce mata wannan magana ba ta da asali. Ba ta yi musu ba. Ta daina faɗar maganar, amma ta daina zubar da ruwan da zafinsa. Ina rubuta allona a ƙofar ɗaki, ina ganinta zaune gaban tukunya, yayyafi na dukan bayanta, tana jiran ruwa ya huce. Tari ya kama ta, bai hana ta ba.

Ranar da tarin ya yi tsanani, babana ya fito ba hula.

"Inna, ki yi bisimilla ki zubar. Ai suna ji."

"Manyansu sun yi karatu, Malam. Yaran fa, wa ya koya musu Larabci?"

Ya yi dariya har da hawaye, ya ɗauki tukunyar da kansa. Ya yi bisimilla, ita ta ƙarasa da Hausa.

Allah Ya jiƙansu. Yau muna hawa na huɗu na wani bene a unguwar Hor Al Anz, babu ƙasa, babu rariya, bututu ne ke haɗiye komai. Da na ga 'yata za ta tsiyaye ruwan taliya, sai na koya mata duka biyun.

"Baba, har nan sama suke hawowa?"

Na ce Allah ne masani.

Ta faɗe su a hankali, ta tsaya riƙe da tukunya tana leƙen ramin bututun. Wai tana jira ƙananan su gama wucewa.